Tazara

Ni ne mai riƙon bakin igiya.
Injiniya Ige na can gaba da na'urarta mai ƙafa uku,
ni ina baya cikin karan gero, gabas da Gigane,
ina jan awo, ina buga turke.

An ce akwai iska ƙarƙashin sawunmu,
irin wadda ke kamawa da wuta.
Ban gan ta ba. Ige ma ba ta gan ta ba,
zane ta gani a takarda, ta ce ƙila.
Amma tun bakin ƙarfe bai taɓa ƙasa ba
doka ta riga shi saukowa daga mota:
rijiya guda, sai tazara mai nisa,
kana a yi zancen wata.

Turke ya faɗa gonar Nomau.
Arzika ya tare ni gindin aduwa, gatari a kafaɗa.
"To ni fa? Tawa gonar ina ta faɗa?"
Na ce, cikin tazara.
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba:
"Ashe ni ne babun da anka ajiye
tsakanin akwai da akwai."

Ban amsa ba. Babana na tuna,
Modi mai haƙar rijiya,
wanda ya san ɗanɗanon ƙasa tun daga jar har farar,
ya kan shiga gaba ashirin da 'yar fitila
ya fito kamar wanda kabari ya mayar.
Wata shekara 'yan'uwa biyu sunka ɓata kan guga,
sunka ja katanga tsakar gidan ubansu,
kowa ya ce sai tasa.
Taku bakwai ne tsakani, na auna da ƙafata.
Baba ya ce, ruwan ƙasa bai san katanga ba,
maruƙa biyu ne za ku sa wa hantsa ɗaya.
Sunka ce kuɗinmu ne. Ya haƙa.
Bazara na kamawa
guga biyu sunka riƙa hawowa da laka,
matan gidajen biyu sunka haɗu a layin rijiyar gari,
ba mai kallon wata.

Ige ta iso, gumi ya jiƙe gefen mayafinta.
Ba ta buɗe littafin doka ba.
Ta ce, "Baba Arzika, in ka huda tayar keke wuri biyu,
iska ta ƙaru?"
Ya ce a'a.
"Saurin ƙarewa kawai take.
Abin da ke ƙasa tulu ɗaya ne, naka da na Nomau.
In ya fito, kowa da rabonsa gwargwadon faɗin gonarsa,
haka anka rubuta."

Ya daɗe yana kallon tsagar ƙasa.
"Tayar na gane," ya ce.
"Rubutun ne ban sani ba.
Na taɓa ganin akuya ta cinye takardar fili,
har da hatimin."

Ige ta naɗe zanenta, ba ta yi musu ba.
Ni ma ina da gona, kadada ɗaya da 'yan kai,
ban tambaya ko ina ta faɗa ba.
Wanda ke riƙe da igiya
ba ya son ya ji tsawonta a wuyansa.

Watanni huɗu ke nan. Motar ba ta komo ba.
An yi shuka, an yi noman farko.
Turken na nan, jan fentinsa ya koɗe.
Jiya na bi ta wurin da hantsi,
na tarar da akuyar Arzika ɗaure a jikinsa,
Nomau kuwa na zaune gefe, yana miƙa mata harawa.
Ƙasa dai ba ta ce komai ba tukuna.